Ƙuri'a a Garken Arɗo Hamma

Zuwa ga ɗana Sale,

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sa jirgin da ya ɗauke ka daga Nguru ya sauke ka lami lafiya, ya kuma haɗa ka da mutanen kirki a inda ka je. Mu nan Gashuwa lafiya lau muke. Labarin gida innarka za ta sa a rubuto maka, ni ba shi ya zaunar da ni ba.

Ranar da na raka ka tasha ka ce mini idan kun gama koyon aikin gona za a rarraba ku ƙauyuka, ku auna gonaki, ku tambayi manoma abin da suka girba, ku kuma gwada takin Bature a gani ko da gaske yana ƙara gyaɗa. Na so in yi maka magana a lokacin, amma hayaniyar tasha ba ta bar ni ba. Irin aikin nan na yi shi, sai dai ni a kan shanu na yi. Ka taso ka same ni malamin dabbobi mai yin allura, ba ka san shekarun ciwon hanta ba, don a lokacin kana goye. Na yi kurakurai a shekarun nan, kuma gara ka ji su daga bakina.

Ina Nguru a lokacin. Likitan dabbobi, wani Bature da ke zagayowa daga lokaci zuwa lokaci, ya kira ni ya ce ana kawo masa kukan ciwon hanta. Ciwo ne da wata tsutsa mai faɗi kamar ganye ke shiga hantar saniya, ta rame, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura, ta yi ta zawo har ta kwanta. Ya ce in gano masa yadda ciwon ya yawaita a shanun ƙasar nan, tsakanin Nguru da Gashuwa, don ya san ko zai nemo mana magani.

Na yi tunani na ce, ai ba a ganin cikin saniya mai rai, amma kullum da safe ana yanka a kwata. Na je na gaishe da Sarkin Pawa, ya sa aka ajiye mini benci, duk hantar da aka fitar a kawo mini in tsaga in duba. Na yi makonni ina haka, ban yi fashi ba. Hantoci suka yi ta zuwa jajur, sumul, sai jefi-jefi in ga mai tsutsa. Na gaya wa likita cewa ciwon bai taka kara ya karya ba a ƙasarmu. Ya yarda da ni, maganin da ya samu a shekarar ya tura shi wani wuri.

Da bazara ta yi na zo Gashuwa sunan ɗan baffanka. A hanya na ratsa fadamar da ke wajen Katuzu, na ga abin da ya tayar mini da hankali. Shanu na tsaye ƙashin haƙarƙari a waje, haɓa ta kumbura kamar an ɗaura musu salka, ga mushe nan da can ungulaye na kai. Da na koma Nguru ban sauka gida ba, kara na wuce, inda ake cinikin shanu. Na tambayi wani dillali daga ina shanun da ake yankawa a garin nan suke fitowa.

Ya ce, “Daga arewa mana, Malam. Shanun rijiya ne, ana koro su ne don jirgi, waɗanda ba su samu shiga ba mahauta su saya.”

Na ce, “To na bakin kogi fa?”

Ya ce, “Wa zai koro ramammiyar saniya tun daga bakin kogi zuwa nan? Ai a hanya za ta faɗi. A ruga suke yanka ta, ko su ba mahautan ƙauye.”

Ka ga, shanun da na yi makonni ina duba hantarsu ba su taɓa sa ƙafa a fadama ba, kuma a ruwan fadama ake ɗaukar ciwon. Ban yi ƙarya ba, ban yi lalaci ba, abin da na gani shi na faɗa. Tambaya ɗaya ce ban yi ba, kuma da na yi ta ranar farko da an ba ni amsa a tsaye.

Saboda haka, Sale, kafin ka fara ƙirga kowane abu, ka tambayi kanka ta wace hanya abin nan ya zo gabanka, kuma waɗanne ne ba su iya zuwa ba. Kada yawan abin da ka duba ya ruɗe ka. Da na shekara a kan bencin nan, amsar da zan samu ke nan, sai dai in ƙara tabbata a kan kuskure. Kai ma za a kai ka gonakin bakin hanyar mota, da gonar Bulama mai gari, da ta mutumin da ya iya karɓar baƙi. Ba laifi ka duba su, amma kada ka rubuta cewa ka ga gonakin garin.

Da kaka ta zagayo, Fulani suka sauko fadama, na ɗaura wa doki sirdi na ce wannan karon ruga-ruga zan bi. Lawan, dagacin yankin, ya haɗa ni da wani bafadensa don ya nuna mini hanya. Mutumin kirki ne, amma shi ne ke raka masu ƙirgar jangali kowace shekara, kuma ban kawo wannan a raina ba. Duk rugar da muka dosa, kafin mu isa an kora rabin garken cikin ciyawa. In na sauka aka shimfiɗa mini tabarma sai in ce, “Ai dai shanunku lafiya ko?” Su ce, “Lafiya lau, Malam.” Wa aka taɓa yi wa irin wannan tambaya ya ce ba lafiya ba? Gaisuwa nake yi, ina tsammanin bincike nake yi.

Da na lura amsar ba ta dace da abin da idona ke gani ba, sai na juya tambayar. Na koma cewa, “Ciwon hanta ne ya kashe muku shanu bara, ko ba haka ba?” Nan ma kowa ya ce haka ne. Wanda kura ta kama masa maraƙi ma cewa ya yi hanta ce. Baƙo ne ya zo a kan doki da mutumin Lawan, ya nuna abin da yake son ji, suka ba shi don ya tafi. Na dawo da amsa iri biyu, rugagen farko babu ciwo, na baya duk ciwo, alhali bakina ne kawai ya sauya.

Akwai kuma rugagen da ke tsallaken ruwa, a tuddan da kogi ya kewaye. Sai an bar doki an shiga kwalekwale, ga sauro, ga laka har gwiwa. Kullum in ce gobe. Daga baya da na daure na tsallaka ni kaɗai, a can na tarar da ciwon ya fi tsanani.

Abin da na koya a nan, kuma shi na riƙe har na bar aiki, shi ne in zaɓi wuraren da zan je tun ina gida, kafin in san wanne ne mai wuyar zuwa. Nakan rubuta sunayen rugage a 'yan takardu, in zuba a hula, in sa wani ya zaro. Inda ya faɗa nan zan je, ko da a bayan ruwa ne. In na je ban sami mai garke ba, ba na cike gurbinsa da maƙwabcinsa don shi ne a kusa, komawa nake yi. Kai ma ka yi haka da manoma, domin wanda ba ka samu a gida ba wataƙila yana gona ne, wanda ka samu a inuwa kuwa akwai dalilin da ya zaunar da shi. Ka kula da wanda zai raka ka. Ka fara gaya wa mutane abin da ya kawo ka, da abin da ba shi ya kawo ka ba, musamman maganar haraji. Tambayarka ta zama iri ɗaya a kowane gida, kuma kada ka sa amsa a cikinta. Ni daga baya cewa nake yi, “Wace saniya kuka rasa? Yaya ta yi kafin ta mutu? Da kuka feɗe me kuka gani?” Sai in yi shiru in bar mutum ya faɗi abin da ya gani. In ka je inda Badanci ko Barbarci ko Fillanci ya fi ƙarfi, ka zauna da tafintanka tukuna ka ji yadda yake juya tambayar, don na taɓa samun wanda ke ƙara nasa.

A tsallaken ruwan nan na san Arɗo Hamma. Dattijo ne dogo, mai jajayen shanu masu dogon ƙaho, ba ya da yawan magana. Shi ne ya fara bari na duba garkensa gaba ɗaya ba a ɓoye mini komai ba. Muka saba, har in na je ba na komowa sai an cika mini gora da nono.

Da aka mai da ni Gashuwa, likita ya aiko da magani, na ɗura ne, ana ba saniya da kwalba. Ba shi da yawa. Ya ce a gwada a garke ɗaya, a ba wasu a bar wasu, a ga bambanci. Na kai wa Arɗo, na ce ya fitar da waɗanda za a ba. Ya shiga garke ya fito da waɗanda suka fi jin jiki, waɗanda da ƙyar suke tsayuwa. Kowane mai dabba haka zai yi, ni ma a lokacin na ga daidai ne. Muka ɗura musu. Kafin wata ya ƙare da yawansu sun mutu, waɗanda ba a ba ba kuwa suna nan suna kiwo. Ranar kasuwar Dapchi magana ta bazu cewa maganin Bature kashe shanu yake yi.

A daidai lokacin wani abokin aikina ya yi nasa gwajin a wajen Karasuwa. Shi tsoron abin kunya ya sa ya zaɓi masu ƙiba da kansa ya ba su. Ko ɗaya ba ta mutu ba, ya aika cewa magani ya yi aiki sosai. Da likita ya zo ya ji mu duka biyu, ya ce har yanzu bai san ko maganin na yi ko ba ya yi ba. Nawa da ma mutuwa za su yi, nasa da ma rayuwa za su yi. Gaskiya ya faɗa.

Na daɗe ina juya abin. In Arɗo ya zaɓa, tausayi zai ja hannunsa. In ni na zaɓa, son a ce na yi nasara zai ja nawa. Ana haka sai mutanen unguwarmu suka yi watanda, muka haɗu muka sayi sa aka yanka. Ka san yadda ake yi. A kasa nama kashi-kashi daidai gwargwado, kowa ya ba da tsinkensa, a kira wanda bai san tsinken kowa ba ya ɗora a kan kason da ya ga dama. Ba mai cewa an cuce shi. Ina tsaye ina kallo na ce a raina, haka ya kamata a raba shanun nan. Da na gaya wa likita ya ce su ma a karatunsu haka ake koyarwa, shi ne bai tsaya ya yi mini bayani ba tun farko.

Shawo kan Arɗo ya fi komai wuya. Na tsallaka na same shi, na yi masa bayani.

Ya ce, “Malam, bara ka ɗura wa shanuna abu sun mutu. Bana ka dawo da shi?”

Na ce, “Arɗo, waɗanda ka ba ni bara, tsakaninka da Allah, da ba a ba su komai ba za su kai damina?”

Ya ce, “Wasu ba za su kai ba.”

Na ce, “To ni ban san ko maganin ne ya kashe su ba, kai ma ba ka sani ba. Bana kada ka zaɓa, ni ma ba zan zaɓa ba. Ƙuri'a za ta zaɓa.”

Ya ce ya ji, tun da ko an bari ko ba a bari ba ciwon na cin garken.

Muka ware shanun da suka fara nuna alama amma ba su kwanta ba. Muka haɗa su biyu-biyu, tsohuwa da tsohuwa, karsana da karsana, mai shayarwa da mai shayarwa, ramar wannan kusa da ramar waccan. Na zuba wake fari da wake ja a cikin gora mai ƙaramin baki. In aka kawo biyu, Arɗo ya dafa ɗaya, in girgiza gora in zazzago ƙwaya guda. In fari ya fito ita za a ba, in ja ne 'yar'uwarta. Bayan haka muka bar su garke ɗaya, kiwo ɗaya, mashaya ɗaya, kanwa ɗaya, don kada a ce wani abu ne daban ya raba su. Muka kuma shirya cewa in damina ta kusa, wani dillalin shanu na Dapchi, Malam Modu, zai zo ya dubi kowane biyu ya faɗi wadda ta fi kyan jiki, ba tare da an gaya masa wadda ta sha magani ba. Ni ban yarda da idona ba, don na san abin da nake so in gani.

Wannan tsari ka riƙe shi, shi ne mafi amfanin abin da na sani. In za ka gwada taki, kada manomi ya nuna maka inda za a zuba, kai ma kada ka nuna. Ku raba gonar kashi-kashi masu kama da juna, jigawa da jigawa, kwari da kwari, ƙuri'a ta faɗi wanda za a sa wa. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Kuma kada ka tsaya a gona guda, don gona guda tana iya yin kyau ko ta lalace saboda dalilin da ba ka sani ba.

Cikin shanun nan akwai wata saniya da Arɗo ke kira Wule, mai farin goshi. Jikar saniyar da mahaifinsa ya ba shi ce tun yana yaro, ita kaɗai ta rage daga wannan tsatson. Ƙuri'a ta ba saniyar da aka haɗa ta da ita magani, ita ba ta samu ba. A ranar har hamdala ya yi, don bai yarda da maganin ba tukuna.

Bayan 'yan makonni sai ga shi a ƙofar gidana a Gashuwa da hantsi, laka har cinya. Bai taɓa zuwa gidana ba. Muka gaisa, aka kawo masa ruwa, bai sha ba.

Ya ce, “Malam, waɗanda ka ba suna tashi, na gani da idona. Wule kuwa haɓarta ta kumbura, jiya sai da aka ɗaga ta. Ka ba ni nata.”

Na ce, “Arɗo, mun yi alkawari. In na ba ta yanzu gwajin ya ɓaci. Ka yi haƙuri Malam Modu ya zo, saura kaɗan. Ranar da ya duba, da hannuna zan ba ta.”

Ya ce, “Ba za ta kai ba.”

Na ce, “In Allah ya so za ta kai.”

Ya ce, “Maganin yana nan?”

Na ce yana nan. Yana cikin akwati a ɗakin da muke zaune a ƙofarsa. Ya dube ni, ya ce, “Ban taɓa roƙonka komai ba.” Na sake ba shi haƙuri. Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Sau uku na ɓata aiki a baya saboda sakaci, sai na ƙudura cewa wannan karon ko me za a yi ba zan kauce ba. Ina ganin kaina mai riƙon amana. Wule ta kwanta kafin dillali ya zo, suka yanka ta.

Malam Modu ya zo ya duba. A mafi yawan biyu-biyun ya nuna wadda ta sha magani, a wasu kaɗan ya nuna ɗayar, a wasu ya ce bai ga bambanci ba. Amsa ta fito sarai, maganin yana yi in ba a bari ciwo ya yi nisa ba. Da nake ba likita labari na kawo maganar Wule, ina jiran ya yaba mini. Sai ya ce, “Me ya hana ka ba ta? Sai ka rubuta cewa ta tsananta har an ba ta magani ran kaza. Wannan ma ai sakamako ne, sauran kuma sun isa su nuna mana.” Ban sani ba ko da na ba ta za ta tashi, wataƙila ta riga ta yi nisa. Amma mutumin ya tako tun daga tsallaken ruwa, maganin yana bayana, na hana shi a kan dokar da ni na kafa ta, kuma gwajin bai buƙaci haka ba.

Shekarar da ta biyo magani ya zo da yawa. Arɗo Hamma da kansa ya bi rugage yana cewa a kawo shanu, ya ga amfaninsa. Saboda maganarsa garkuna da yawa suka tsira. Ranar da muka je garkensa ni da abokin aikina, ya tarbe mu da mutunci, ya sa aka kama saniyar farko. Na ɗauko kwalba zan ɗura, sai ya dafa hannuna ya ce, “Maganinka gaskiya ne, Malam, na shaida. Amma ka ba abokinka ya ba su.” Na miƙa kwalbar. Har Allah ya yi masa rasuwa muna gaisawa in mun haɗu a kasuwa, amma bai sake cewa in zo ruga ba.

Don haka, ɗana, kafin ka fara kowane gwaji ka zauna da mai abin ka gaya masa ƙarara cewa wani kashi ba zai samu ba, kuma yana iya yin asara a nan. Ka tambaye shi ko akwai abin da ba zai iya jure rasawa ba, ku fitar da shi gefe tun kafin a jefa ƙuri'a. Ku yanke tun farko yadda za a yi in abu ya tsananta. In ya tsananta kuwa, ka taimaki mutum, sa'an nan ka rubuta gaskiyar abin da ka yi, kada ka ɓoye. Kunyar gonar da ka bari ba taki don ka kwatanta, a wurinka layi ne a takarda, shi kuwa manomin da ita zai ciyar da gidansa. Kada ka ɗauki babban kashi a gonar wanda ba shi da wata.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka girmama malamanka, in ba ka gane abu ba ka tambaya tun ba a tura ka daji ba. In ruwa ya cika kada ka shiga kwalekwalen da ya yi lodi fiye da kima, ka jira na gaba.

Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya kare ka daga ciwo da sharrin mutane, ya sa waɗanda za ka shiga gonakinsu su yi farin ciki da zuwanka. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Malam Adamu, Gashuwa